Muryar Rahimatu a Wayar Surukinta

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Tishigu ya san Rahimatu mai nono tun kafin ya ga fuskarta, domin muryarta ce ke riga ta isowa. Tana can bakin titi wajen masu gyaran babur za ta ɗaga kai ta ce, "Nono! Ga wagashi!" sai mata a cikin gidaje su hau neman kwano, kaji su watse, wani jariri ya farka ya tsala kuka. Kafin ta iso ƙofar gida an wanke kwanon, an lallashi yaron, kajin ma sun dawo sun ci gaba da tonon su.

A Moshi Zongo aka haife ta, a wani gidan haya mai ɗakuna rututu da famfo ɗaya tal, inda marar murya kan kwana da ƙishi. Uwarta koko take damawa, ita kuwa tun tana 'yar mitsitsiya ita ce mai shela. A nan ta tashi da Hausar zango, ta tsinci Dagbani, yaren Dagombawa, a bakin kasuwa, ta ƙara da ɗan Turancin da ya isa a yi faɗa da ɗan tasha. Malaminsu na allo yakan ce in Rahimatu na karatu, ba ya gane ko sauran yaran sun zo ko ba su zo ba.

Fulatanci kuma aure ne ya koya mata. Wani Bafulatani, Awaisu, yakan kawo wa uwarta madara a kan keke daga rugarsu da ke bayan Gbalahi. In ya sauke, sai ya tsaya yana shan koko, kofi bayan kofi, ba ya cewa uffan, har uwar ta gane ba kokon ne ke tsayar da shi ba. Ita ta yi kusan duk hirar zance, shi ya yi murmushin. Aka ɗaura aure, aka kai ta ruga.

Tatsa ba ta ba ta wuya ba. Ta koyi kaɗa nono, ta koyi dafa wagashi, wato cuku, da ganyen tumfafiya har nata ya fi na waɗanda suka koya mata laushi. Sai matan ruga suka zaunar da ita a kan babban darasi, wato kunyar suruki. Suka ce mahaifin mijinki, Baffa Ɗalha, ba a kama sunansa, ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a yi masa magana baki da baki. In kin hango shi a hanya, ki ratse ki durƙusa har ya wuce. Suna faɗa suna ƙifta wa juna ido, don a ganinsu 'yar zango mai wannan maƙogwaro ba za ta kai sati ba.

Ba su san Rahimatu ba ta yin abu rabi-rabi ba. Ta ɗauki kunyar nan ta rungume har ta fi masu ita. In ta hango hular Baffa daga nesa, ba ratsewa kawai take yi ba, daji take faɗawa da ƙwarya a ka. Shi kuma tsohon, da ya ga 'yar gari na neman ta fi shi kunya a cikin rugarsa, sai ya ƙara tasa. In ya ji takunta, sai ya juya ya hau duba kofaton wata saniya da lafiyarta ƙalau. Haka suka yi ta yi, kowa na ƙara wa ɗan'uwansa, har shekara ashirin da wani abu, kalma ɗaya ba ta taɓa tsallakawa daga bakin ɗaya zuwa kunnen ɗaya kai tsaye ba.

Awaisu ne ya sha wahalar. Suna zaune a inuwar bishiya ɗaya, sai Rahimatu ta dubi ƙasa ta ce, "Ka ce wa su Baffa tuwo ya sauka."

Awaisu ya juya ya ce, "Baffa, wai tuwo ya sauka."

"Ka ce wa 'yar mutane an gode."

"Wai an gode."

"Na ji, ai ba kurma ba ce ni," in ji ta can ƙasa-ƙasa, wanda a wurin Rahimatu daidai yake da maganar sauran mutane.

Kada a yi zaton ba sa ƙaunar juna. Man shanu mafi kyau a kwanon Baffa yake ƙarewa. Shi kuma duk ranar da ya shiga gari, sai a ga goro fari a ajiye a kan gungumen da take shanya ƙore, ba a san wanda ya ajiye ba.

Abin da ke hana Rahimatu sakewa shi ne kwari. Da damina gonakin masara kan cinye tudu, sai Baffa ya gangara da garken can ƙasa inda ciyawa ta fi yawa, ya kafa 'yar bukka ya tare tare da shanunsa. Kwarin nan kuwa yana da mugun hali. Ruwa kan sauka can arewa inda ido ba ya kaiwa, nan rana na ƙwallewa, sai kawai a ga ruwa ja ya taho da itace da tarkace. Daminar bara ya tafi da maruƙa da bukkar gaba ɗaya, Baffa kuma a kan reshen kaɗanya aka same shi, ya rungume butarsa. Tun daga ranar gwiwarsa ba ta koma daidai ba. Kowa a gidan ya sani, in ruwan ya sake samunsa a can, babu sauran hawan bishiya, kuma garken nan shi ne abincin gidan duka.

Ana cikin haka, wata rana a babbar kasuwa, mutum biyu suka biyo muryarta tun daga layin masu doya har suka same ta. Ɗaya budurwa ce mai tabarau, Sahada, daga wani kamfanin waya. Ɗayan Abdul-Manan, Badagombe mai tumbi da fara'a, daga ofishin gwamnati mai kula da ambaliya da gobara da makamantansu. Suka sayi wagashi, suka zauna a kan benci, suka yi mata bayani.

Gwamnati tana da masu duba yanayi, in ruwa mai yawa na tafe sukan sani tun da sauran lokaci. Kamfani kuma yana da dogayen ƙarafan sadarwar nan da lambar kowa, har ta mai kiwo a tsakiyar daji. Sai suka haɗa kai, wannan ya kawo labari, wannan ya isar. Sun gwada aika rubutu, ba mai karantawa. Sun gwada muryar inji, mutane suka ce 'yan damfara ne suka kashe. Yanzu murya suke nema wadda mutane suka sani, mai jin Hausa da Dagbani da Fulatanci.

"Mma," in ji Abdul-Manan da Hausarsa ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji, "kai ne muke nema. Muryanka ko babu waya zai kai Savelugu."

Rahimatu ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙwarya kada nono ya zube.

Aka kai ta wani ɗan ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, an manne bangonsa da soso. Wani saurayi ya toshe kunnuwansa da abin sauraro ya ce ta fara. Tana cewa "Salamu alaikum" ya fizge abin daga kansa yana murza kunne, ya roƙe ta ta ja baya har jikin ƙofa.

Sahada ta ce saƙon gajere ake so: ruwa na tafe, ku bar kwari, ku hau tudu.

"Haka kawai?" in ji Rahimatu. "Ba gaisuwa? 'Yata, ke in kin shiga gidan mutane haka kike faɗa musu? Wallahi kashewa za su yi, su ce wace marar tarbiyya ce."

"Gaskiya ne," in ji Abdul-Manan. "Kakata in ba ka gaishe shi ba, ko gobara ne ba zai tashi ba."

Sahada ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ce to a gaisa amma a taƙaita. Rahimatu ta gaisa da harshe uku, kuma bayan kowace gaisuwa sai ta yi shiru kaɗan, don mai sauraro ya sami damar amsawa. Ta yi saƙon iska, ta yi na ruwan sama mai ƙarfi, ta yi na cikar kwari. Da aka kunna mata ta ji kanta, sai ta rufe baki ta ce, "La ila, haka nake? Kuma mutane suka haƙura da ni duk shekarun nan?"

Ranar gwaji tana tsakiyar kasuwa. Wayoyi suka ɗauki ƙara a lokaci guda, daga rumfar mahauta har layin masu atamfa. Kowa ya kara a kunne, sai ga Rahimatu a ko'ina: "Salamu alaikum, Rahimatu ce mai nono. Kun tashi lafiya?" Kasuwa guda ta amsa. Masu Hausa na "lafiya lau," Dagombawa na "naa, naa," wata tsohuwa mai dawadawa har da ɗan rusunawa. Wani mahauci ya dubi wayarsa, ya dubi Rahimatu da ke tsaye a gabansa bakinta a rufe, ya sake duban wayar, ya ajiye wuƙa ya fara karanto addu'a.

Rahimatu zama ta yi a ƙasa daɓas tana dariya har hawaye. Mata suka kewaye ta suna guɗa. Kafin azahar an raɗa mata suna Mma Ruwa, wato Uwar Ruwa, nononta ya ƙare tas, har da wanda ba ya shan nono ya saya don ya ce ya saya a hannunta. Ta hau bayan keken kaya mai ƙafa uku zuwa Gbalahi tana ɗaga wa duk wanda ta gani hannu, har da jami'in da ke ba motoci hannu a mahaɗa, shi ma ya ɗaga mata.

Tana isa gida ta tarar da Awaisu kwance a tabarma yana riƙe ciki, dariya ta hana shi magana. Da ƙyar ya ba ta labari. Yana tare da Baffa a kwari wayar tsohon ta yi ƙara. Baffa ya danna, ya kara a kunne, ya ji "Rahimatu ce." Nan take ya yar da wayar a ciyawa, ya juya mata baya, ya hau duba kofaton saniya. Wayar na ƙasa tana ta gaisuwa, shi ko waiwaye. Da ta yi shiru, sai ya sa sanda ya jawo ta, ya naɗe ta cikin tsohuwar hula, ya ce wa Awaisu daga yau in abin nan ya yi kuka, shi ba ya nan.

Rahimatu ta taya shi dariya kaɗan, sai ta tsaya tana tunani. Duk ƙasar Dagomba za ta ji gargaɗinta, ban da mutum ɗaya, kuma shi ne ke kwana a tsakiyar kwari da gwiwa ɗaya.

Washegari ta je wurin Sahada ta roƙa a aika wa lamba ɗaya kacal da muryar namiji. Sahada ta ce abu ne mai yiwuwa, amma sai ofishin su Abdul-Manan ya amince. Abdul-Manan ya ce shi ya amince tun jiya, amma sai an zauna da kamfani. Aka sa ranar zama a wata mai zuwa, har da shayi da biredi. Rahimatu ta koma ta ce wa Awaisu to shi ne wayar Baffa, kada ya yi nisa.

Ya yi nisa kuwa. Ranar da abin ya zo, Awaisu na kan hanyar Techiman da bijimai biyu a mota, wayarsa ba ta shiga. Rahimatu na Tishigu da hantsi, rana tas, tana auna wa wata mata nono, sai wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka ta ji kanta tana gaishe da kanta. Don sabo har ta amsa. Sai saƙon ya ci gaba, kuma na cikar kwari ne: an yi ruwa mai yawa a arewa, wani na tafe, duk mai dabba ko kaya a gangare ya kwashe kafin la'asar.

Ta dire ƙwaryar a gaban matar ta ce, "Riƙe mini, ki sha in kin ga dama." Ta tare yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ta ce da direban Gbalahi, kuma kada ya tsaya ɗaukar kowa. Ya ce, "Mma Ruwa, ai yanzu muka gama magana da ke a waya," ya murɗa.

A ruga ba ta sami wanda za ta aika ba. Mata sun tafi tallan nono, samari sun bi rabin garken da aka kai wani gefe. Ta gangara kwari da gudu, zani a hannu. Can ta hango Baffa zaune a gindin kaɗanya yana jan carbi, shanu na kiwo kewaye da shi, maruƙa a ɗaure a igiya. Tsohuwar hular na rataye a reshe, tana ta kuka ita kaɗai.

Yana jin taku ya juya baya. Ita ma ƙafafunta suka yi abin da suka saba, suka kai ta bayan wani kurmi suka durƙusar da ita. Ta buɗe baki, wannan bakin da ke tayar da jarirai a Tishigu, ko iska ba ta fito ba. Ta dubi hagu, ta dubi dama, babu ɗan Adam. Sai Wule, babbar saniya mai farin goshi wadda garken ke bi, ta matso tana tuƙa, ta tsaya tsakaninsu.

Rahimatu ta dubi Wule. Wule ta dube ta.

"Wule," ta ce, "sannu da kiwo. Ni da ke nake magana, ba da kowa ba. Masu duba yanayi sun ce an yi ruwa mai yawa can arewa. Kafin la'asar nan inda kike tsaye kogi zai zama."

Carbi ya tsaya. Sai aka yi gyaran murya.

"Wule," in ji Baffa, yana fuskantar gabas, "in wani ya zo miki da labarin ruwa, ki ce masa ya ɗaga kai. Ko gajimare ɗaya kin gani?"

Rahimatu kamar ta yi tsalle don murna. Ya amsa! Shekara ashirin da wani abu, ga shi ya amsa, ko da ta kan saniya ne. Ta cije gefen mayafi don kada dariya ta kuɓuce.

"Wule, ki tuna bara ma haka sama take, tas. Amma da yamma aka sami wasu manya a kan kaɗanya."

Tana faɗa ta toshe baki, ta ce yau na kashe kaina. Kafaɗun tsohon suka ɗan girgiza da dariyar ɓoye.

"Wule, ki ce manyan nan iska suka hau sha. Kuma ki tambaya mini, su waye masu duba yanayin nan?"

"Wule, gwamnati ce da kamfanin waya suka haɗa kai."

"Su biyu, manya da su, suka zauna suka rasa abin yi sai su ɗauki 'yar mutane su saka mini a aljihu? Wule, ke shaida ce, wuri nawa mutum ke zuwa da aljihunsa!"

Nan dariyar ta ƙwace. Ta fito da ƙarfinta na asali, har tsuntsaye suka tashi daga kaɗanyar, maruƙa suka ja igiya. Amma ko da ta lafa, tsohon bai motsa ba. Ya ce wa Wule ciyawar nan ba a barinta saboda maganar ƙarfe, kuma shi ya girmi duk masu duba yanayin da iyayensu.

Rahimatu ta dubi rana, ta ga ta fara karkata. A jikin bukka akwai jakar kanwa a rataye. Ta lallaɓa a duƙe ta ciro, ta ɗebo a tafin hannu ta miƙa wa Wule. Wule ta lasa. Rahimatu ta ja da baya taku kaɗan, Wule ta biyo. Ta ƙara ja, ta ƙara biyowa. Sauran shanu suka ɗaga kai, suka ga uwarsu ta kama hanyar tudu, suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya.

"Wule!" in ji Baffa. "Ina za ki? Ban gama magana ba!"

Ba shi da halin ya daka wa surukarsa tsawa ta tsaya. Saniya kaɗai zai iya yi wa, saniya kuwa kanwa take saurare. Ya miƙe da sanda yana ɗingishi, ya tsaya kamar mai tunani, sai ya koma ya kwance maruƙan da hannunsa, ya ɗauki buta, ya ciro hular nan daga reshe ya riƙe ta da yatsa biyu nesa da jikinsa, ya biyo baya yana mita.

Hanyar tudu doguwa ce ga mai gwiwa ɗaya, kuma da yake an riga an buɗe baki, sai magana ta ƙi tsayawa.

"Wule, tunda abin ya zama haka, ki ce barkonon fura ya yi yawa."

"Wule, tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka haifi uwarki."

"Wule, aka yi shiru aka yi ta sha?"

"Ki ce an saba. Kada kuma a rage yanzu, baki zai rikice."

Ita ma ta samu ta amayar da nata. Ta ce wa Wule maganin gwiwa da aka sayo a asibiti shafawa ake yi, ba ɓoyewa a cikin jinka ba. Ya ce wa Wule maganin warin kananzir yake yi. Ta tambayi Wule ko ta san aljanin da ke ajiye goro a kan gungume. Ya ce Wule ba ta shiga harkar aljanu. Rahimatu na tafiya da baya, hannu a miƙe, tana tuntuɓe tana dariya, hawaye na zuba, ba ta ma san ko na mene ne ba.

A tsakanin gonakin masara suka haɗu da Abukari, manomin da ke maƙwabtaka da su, yana ɗauke da buhun taki a ka. Shi ma saƙon ne ya taso shi. Ya tsaya baki buɗe yana kallon tsoho na gardama da saniya, saniya kuma na amsawa da muryar Mma Ruwa. Da ya gane, sai ya sauke buhun ya ce in ana bukatar mai isar da magana, ga shi.

"A'a, mun gode," in ji Baffa. "Wule ta fi ka riƙe sirri."

Abukari ya yi dariya, ya cire ƙayar da ya tare hanyar gonarsa da ita, ya ce su yanke ta nan su fita filin makaranta, ya fi kusa, masara ɗaya-biyu ba komai ba ce yau.

Suna shiga filin makarantar iska ta juya. Arewa ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ana hutu, ba kowa, sai awakin unguwa da suka riga su fakewa. Digon farko ya faɗo a goshin Wule, kafin su kai baranda ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Daga barandar ana hango kwari. Suka ga ruwan ya shigo ta sama, ja, yana tura kumfa da rassa a gabansa. Ya shafe ciyawar, ya kai gindin kaɗanya, ya ɗaga jinkar bukka ya juya ta sau biyu ya yi gaba da ita. Baffa ya bi garkensa da ido, daga manya har maruƙan da ke maƙale a jikin iyayensu, leɓensa na motsi. Babu wadda ta ɓace. Ya ajiye buta, ya zauna a kan dakali, ya miƙe gwiwar a hankali.

Sai dai Wule na can tsakiyar fili cikin ruwa tare da 'yan'uwanta, kanwa ta ƙare. Ba sauran mai isar da magana a baranda. Baffa na wannan ƙarshe yana kallon bango, Rahimatu na can ɗaya ƙarshen a durƙushe, inda kwanon rufi ya ɓule, ruwa na tsiyaya a kafaɗarta. Ba ta matsa ba, don matsawa na nufin matsowa kusa da shi. Lokaci-lokaci kafaɗun ɗaya kan girgiza da dariya, sai na ɗayan su ɗauka.

Can Baffa ya yi tsaki, ya dogara sanda ya miƙe, ya fita cikin ruwan. Ya kamo Wule ta ƙaho, ya jawo ta tana turjewa, har ya shigo da kanta ƙarƙashin rufin. Ya tsaya yana haki, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya sunkuya daidai kunnenta.

"Wule," ya ce, "ki ce wa 'yar mutane ta matso ciki. Kafaɗarta na jiƙewa."

Rahimatu ta tattara zaninta, ta matso.